Dokin da Baba Ya Taɓa

"Ko ki sauko daga dandamalin nan, ko ki manta hanyar gidan nan. Zaɓi ɗaya."

Da wannan Baba ya buɗe mana safiyar Alhamis, ko shayinsa bai kurɓa ba. Ya wurga jarida a kan tebur har ta bugi kofi. Ga hotona nan ɓaro-ɓaro, baki buɗe ina rera waƙa, Koci a bayana yana jera 'ya'yan ces. A sama an rubuta da manyan baƙaƙe: 'Yar Hedimasta ta koma gidan Lauya tun kafin a kaɗa ƙuri'a.

"Baba, wasan kwaikwayo ne fa," na ce. "Wata biyar muna gwaji. Jibi za a buɗe."

"A buɗe ba da ke ba."

"Ni ce jarumar wasan."

"Ni kuma ubanki ne."

Bari in warware muku zare da abawa. Baba shekara talatin ya yi yana hedimasta kafin ya yi ritaya, yanzu kuma yana neman kujerar magajin gari. Wanda suke takara da shi ba baƙo ba ne, amininsa ne na sama da shekara talatin, wanda na tashi ina kira Baba Lauya. Koci kuwa ɗan Baba Lauya ne, malamin ces, wato darar Turawa mai sarki da doki, mai koyar da ɗalibai, wanda ya ciwo kofuna har sun rasa wurin zama a ɗakinsa. Shekara biyu da suka wuce ya nemi aurena, Baba ya miƙa wa Baba Lauya hannu a falon nan ya ce, "Na ba ku." Ba a yi wata uku ba siyasa ta shiga tsakaninsu, maganar aure ta daskare kamar man da aka manta a sanyi.

Shekarata ashirin da bakwai, waƙa nake koyarwa a makaranta, ba yarinya ba ce ni. Amma a gaban Baba har yau ni ce wadda yake ɗaure wa igiyar takalmi.

"Ranka ya daɗe, in ka ba ni izini."

Sakataren kamfen ɗin Baba ke nan. Ƙarfe bakwai na safe yana zaune a falonmu, ya harɗe ƙafa, turarensa ya kori ƙanshin abin karin kumallo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tun da aka ɓata da gidan Lauya mutumin nan yake shige mana kamar a nan aka yanke masa cibiya, kuma ba ƙuri'a kaɗai yake nema ba.

"Ƙanwata," ya ce, ya karyar da murya, "saura mako uku zaɓe. Mutane ba sa raba wasa da gaskiya. Za su ce wanda ya kasa riƙe 'yarsa ta ina zai riƙe gari? Ni ba don kaina nake faɗa ba. Mace irinki ta cancanci namijin da ya san inda duniya ta sa gaba, ba mai tura 'yan katakai a kan allo ba."

"Ni ba ƙanwarka ba ce," na ce. "Yayyena biyu, kuma na san fuskokinsu."

"Uwata!" Baba ya daka mini tsawa. Sunan mahaifiyarsa na ci, shi ya sa ko a cikin faɗa bakinsa ba ya iya kiran sunana. "A gabana kike wa babba rashin kunya?"

Na sunkuyar da kai. Hawaye suka cika mini ido, amma na rantse ba za su zubo a gaban Sakatare ba.

"Baba, kai ka ba su ni. Da bakinka."

"Wancan lokacin daban. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza." Ya miƙe ya ɗauki hularsa. "Ƙarfe huɗu zan zo gidan wasan da kaina. In na ce ki sauko kika sauko, shi ke nan, ke 'yata ce. In kika tsaya, to ki tsaya ke nan."

Suka fita. Sakatare har da riƙe masa ƙofa da hannu biyu.

Mama ta fito daga kicin tana goge hannu da gefen zane, idanunta sun yi ja. Duk abin da aka yi a kunnenta aka yi.

"Ki rufa mini asiri," ta ce, ta kamo hannuna. "Ki bari zaɓen nan ya wuce. Mako uku ne kawai. Ki ce musu maƙogwaronki ke ciwo, a sa wata."

"Mama, bara ma haka kika ce. Ki bari a tsayar da 'yan takara. Aka tsayar. Ki bari a gama yawon kamfen. Yanzu ki bari a yi zaɓe. In ya ci, sai ki bari a rantsar da shi. In ya faɗi, sai ki bari ya huce. Yaushe ne nawa lokacin?"

Sai ta fashe da kuka, ni ma nawa ya ƙwace.

"Kin ɗauka ni daɗi nake ji? Matar Lauya ita ta riƙe ni ranar da na haife ki. Yau in muka haɗu a hanya sai kowa ta kau da kai, kamar mun yi wa juna sata. Ubanki ba ya barci. Amma kin san shi, in ya kafe ko jaki sai ya sara masa."

"Ni ma 'yarsa ce, Mama. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe."

Ta sake ni, ta je kusurwar falo ta hau kakkaɓe ƙura daga kan wani farin ƙyalle, abin da take yi kullum in ta rasa ta cewa. Ƙarƙashin ƙyallen nan allon ces ɗin Baba ne. Shekara biyu ba a ɗaga shi ba, ba a kuma matsar da shi ba. Ko masu fenti da suka zo, zagaye shi suka yi.

Na tsaya ina kallon ƙyallen. Gari duka ya san Hedimasta da Lauya kan siyasa suka rabu. Ni kaɗai na san a kan me aka fara.

A kan allon nan Baba ya koya mini ces ina 'yar shekara bakwai. Kafin ya koya mini yadda doki ke tafiya, sai da ya koya mini dokar da masu ces ba sa wasa da ita: abin da ka taɓa, shi za ka motsa. In gyara masa zama kawai za ka yi, sai ka fara cewa "gyara nake" kafin yatsanka ya sauka. In ba ka faɗa ba, ka taɓa ke nan, ko da motsin zai kashe ka. Sau nawa na yi birgima a ƙasa ina roƙonsa ya bar ni in janye? Ko sau ɗaya bai bari ba.

"Wanda ya saba janye hannu a kan allo," yakan ce, "zai saba janye magana a duniya."

Ranar da aka rabu kuwa, da la'asar ne, na shigo musu da shayi. Wasa ya yi zafi, farare na Baba, baƙaƙe na Baba Lauya. Na ga Baba ya ɗora yatsa a kan dokinsa. Na ga fuskarsa ta canza. Dokin nan shi ya tare wa sarauniyarsa hanya, duk inda ya matsa an cinye ta. Ya gani bayan ya riga ya taɓa.

Yatsansa na kan dokin ya ɗago kai ya ce, "Ashe shekaranjiya ka je gidan shugaban jam'iyya ba ka gaya mini ba?"

Shi ke nan. Magana ta jawo magana, aka tono na shekara goma, Baba Lauya ya fita ko takalmi bai sa daidai ba. Ba zan yi wa Baba ƙarya ba, rigimar siyasar gaskiya ce, ko ba ranar ba za ta taso. Amma ranar, a daidai wannan minti, gudun motsa doki ne ya taso da ita. Hedimastan da bai taɓa yafe wa 'yar shekara bakwai ba, shi ne ya janye hannunsa.

Na share hawayena, na ɗauki jakata.

"Ina za ki?" in ji Mama.

"Wurin aiki."

* * *

Gidan wasanmu tsohon ɗakin taro ne mai kujeru ɗari uku, rabinsu in ka zauna sai sun yi maka ƙorafi. Wasan da muke shiryawa sunansa Gida Sittin da Huɗu, labarin garuruwa biyu da suke rigima a kan gada ɗaya, shugabanninsu suka amince a raba gardama da gasar ces. Ni ce wakiliyar gari ɗaya, na faɗa son wakilin ɗaya garin, ana yi ana waƙa. An zana daɓen dandamali gida-gida kamar allon ces, fari da baƙi, an sassaƙa 'ya'yan ces da katako mara nauyi, kowanne ya kai mini ƙugu. Aikin Koci shi ne ya tsara wasan da ake bugawa a kai, don kada masana su zo su yi mana dariya.

Na same shi a durƙushe yana liƙa wa wani soja ƙyalle a gindi don kada ya yi ƙara. Kallo ɗaya ya yi mini ya ajiye almakashi.

"Kin yi kuka."

"Albasa na yanka."

"Na ga jaridar." Ya miƙe a hankali. Komai nasa a hankali ne, ko gobara ake yi sai ya lissafa taku uku gaba kafin ya ɗauko bokiti. "Na yi tunani. Zan gaya wa Darakta ta cire sunana daga wasan. Aikina ya ƙare ai. In ba na nan, wataƙila Baba ya bar ki ki hau."

"Sai kuma me? Gobe ya ce ka cire sunanka daga garin?"

"Ba na so in zama dalilin da za ki rasa gidanku."

"Amma ka yarda ka zama dalilin da zan rasa ka?" Na matso kusa da shi. "Shekara biyu kana cewa in yi haƙuri. Na yi. Na haƙura da ganinka sai a wurin aiki. Na haƙura da wancan mai turaren yana kawo wa Mama tsaraba, yana ce mini ƙanwata. Kai kana lissafi, ni ina tsufa. In tsoro kake ji ka gaya mini, in san da wa nake."

Ya ɗauki almakashin ya sake ajiyewa.

"Tsoro nake ji," ya ce. "Ba na Baba ba. Tsoron ranar da za ki kalle ni ki ce saboda kai ubana ya daina kirana Uwata. Wallahi in na rasa ki zan rayu kamar allo babu 'ya'ya. Amma gara haka da ki tsane ni a ɗakina."

Wannan shi ne abin haushin Koci. Sai ka ɗauko masa faɗa da zafinsa, ya faɗi magana ɗaya ta sa ka nemi wurin zama.

Ban zauna ba. Na ciro takarda daga jaka na zana allo, na jera kowane ɗa a gidansa. Ba sai na yi tunani ba, shekara biyu ina ganin jerin nan in na rufe ido.

"Fitowa ta ƙarshe," na ce. "Ka jera mini haka."

Ya karɓa ya duba. Bai yi daƙiƙa biyar ba ya ɗago.

"A ina kika samo wannan?"

"Ƙarƙashin ƙyalle a falonmu."

"A ofishin Babana ma haka yake," ya ce da ƙaramar murya. "A kan durowa, bayan kundin shari'a. Ya hana kowa ya taɓa. Na tambaye shi sau ɗaya, ya ce ba shi ke da wasa ba, jira yake."

Tsofaffi biyu, kowa na zagin ɗan'uwansa a lasifika, kowa kuma na gadin allo ɗaya a ɓoye.

"Wannan wuta ce," in ji Koci. "In ya ɗauka tozarta shi kika yi fa?"

"Ban da ni da kai da shi, wa zai gane? Sauran duk katako suke gani."

Darakta ta ƙaraso da usur a wuya da fensir a bayan kunne. Mace ce gajeriya mai murya kamar ta mutum uku.

"Me nake ji? Ana jibi buɗewa za ku canza mini jeri?"

"Na yau kawai, Anti."

Ta kalle ni, ta kalli idanuna da suka kumbura. Ita ma ta ga jarida.

"In ubanki ya ɗauke ki, na shiga uku, don wadda za ta maye ki muryarta ta akuya ce." Ta juya. "Ku jera mata abin da take so!"

* * *

Ƙarfe huɗu saura kwata muka shiga fitowa ta ƙarshe, kowa da kayan wasansa. 'Yan amshi ashirin sun jeru hagu da dama, makaɗa na ƙasan dandamali, fitila ta haske allo. Na tsaya a gefen farare da 'yar makirufo manne a kumatuna, na ɗauki waƙar da jarumar take yi wa shugaban garinsu bayan ya ce ta rabu da masoyinta:

"Kun ce in zauna, na zauna,
kun ce in buga, na buga.
Allon naku ne, 'ya'yan naku ne,
hannun da ke kai nawa ne."

Ina kan baiti na biyu ƙofar baya ta buɗe, hasken rana ya shigo. Baba bai taɓa makara ba a rayuwarsa.

Ya taho ta tsakiyar kujeru, hannu a baya, irin tafiyar da yake yi in zai shiga ajin da ake surutu. Sakatare na biye da shi da waya biyu a hannu. Mai ganga ne ya fara tsayawa, don tsohon ɗalibinsa ne. Sai mai jita, sai mai fiyano. Ni kaɗai na rage, na kai baitin ƙarshe babu kiɗa.

Ya hau matakala ya tsaya a bakin allo.

"Uwata. Ɗauko jakarki."

"Sannu da zuwa, Baba." Na rusuna har ƙasa na miƙe. "Ka gafarce ni. Ba zan sauko ba."

Muryata ta fita ta lasifika ta zagaye ɗakin. Wata 'yar amshi ta dafe ƙirji.

Koci ya fito daga bayan labule ya durƙusa. "Barka da yamma, Baba."

Baba ko kallonsa bai yi ba. Sakatare ne ya karɓe.

"Kai, ba ka jin kunya? Ubanka ya kasa kayar da mu a fili, shi ne ya turo ka ka bi ta bayan gida? Wannan duk shiri ne, ranka ya daɗe. Da waƙa da wasan yara za su ɓata maka suna."

"Tun kafin a buga hoton kowa a bango nake son ta," in ji Koci, bai ɗaga murya ba. "Kuma ba ta bayan gida na bi ba. Ta ƙofar falo na shiga, aka ba ni kujera."

"Ji shi! Ranka ya daɗe, ka ji..."

Amma Baba ba ya jin kowa. Idonsa ya sauka a kan daɓe. Na ga yana bin gidajen ɗaya bayan ɗaya, daga sarki zuwa sojoji, daga sojoji zuwa sarauniya, har ya tsaya a kan farin doki. Hannayensa da ke baya suka saki juna.

Sakatare bai lura ba. Shi hanya yake nema ya fitar da ni, ga kuma katakai sun tare. Ya ratso tsakiyar allo da takalminsa mai tsini.

"Taho mu je, ƙanwata, mota na waje. A kawar da wannan shirgin."

Ya sa ƙafa ya ture farin dokin. Ya tafi suuu, ya faɗi a gefe.

"Kai!"

Tsawar da Baba ya yi sai da fitilar sama ta yi rawa. Sakatare ya yi tsalle, waya ɗaya ta suɓuce.

"Wa ya ce ka taɓa? Wasa na kan tafiya kake sa masa ƙafa? A gidan uban wa aka koya maka?"

"Ranka ya daɗe, ai katako ne..."

Baba ya ture shi. Ya sunkuya da kansa, da babbar rigarsa da shekarunsa sittin da biyar, ya ɗauki dokin ya rungumo shi, ya mayar da shi gidansa, gaban sarauniya. Bai tambayi kowa wane gida ba ne. Ya tsaya yana haki, hannunsa a kan wuyan dokin.

Na ɗaga hannu na zare makirufon daga kumatuna, na kashe ta. Abin da zan faɗa ba na 'yan amshi ba ne. Na tako har gabansa, yadda shi kaɗai zai ji.

"Baba," na ce, "ba ka ce gyara kake ba."

Ya ɗago ya dube ni.

"Ka taɓa."

Ban taɓa ganin fuskar ubana haka ba. Fushi ya zo ya wuce, wani abu ya biyo baya wanda ya fi fushi ciwo.

"Kin gani ranar," ya ce a hankali.

"Ni na kawo shayin."

"Shekara biyu kina sane, ba ki ce komai ba."

"Jira nake ka motsa da kanka." Hawaye suka zubo, wannan karon ban hana su ba. "Ina 'yar shekara bakwai na yi ta birgima, ka ce wanda ya saba janye hannu zai saba janye magana. Na yarda da kai, Baba. A kan wannan na gina kaina. Ka miƙa hannu ka ce ka ba su ni, ni kuma na ba da zuciyata a kan maganarka. Yau kana so in janye. In na sauko daga dandamalin nan, ba umarninka na bi ba, tarbiyyarka na zubar. Ka kore ni in ka ga dama, zan tafi ina kuka. Amma ba zan janye hannu ba, don ba ka koya mini yadda ake yi ba."

Ɗakin ya yi tsit, har ana jin fankar sama tana kukanta. Baba ya sunkuyar da kai. Ya kalli dokin. Ya kalli sarauniyar da ke bayansa. Ya san abin da zai biyo baya, ya fi kowa sani, shekara biyu yana kwana yana tashi da shi.

Sai ya ɗaga dokin da hannu biyu. Taku biyu gaba, ɗaya gefe. Ya dire shi da ƙarfi har daɓen ya amsa.

Sarauniya ta rage a fili, babu mai tare mata.

Ya juya wurin Koci, karo na farko cikin shekara biyu da ya dube shi ido da ido.

"To, me kake jira? Ci mana."

"Ba wasana ba ne, Baba," in ji Koci, har yanzu yana durƙushe. "Na Babana ne."

Baba ya yi ƙwafa.

"To ka gaya wa ubanka na motsa. Saura shi. In bai manta hanyar gidana ba, allo na nan inda ya bar shi. Ka kuma gaya masa sarauniya kawai zai ci, ba wasan ba. Zaɓe kuwa sai na kayar da shi ƙasa warwas."

"Ranka ya daɗe!" Sakatare ya matso, gumi ya wanke masa turare. "Lauya a gidanka ana saura mako uku? In 'yan jarida suka ji..."

"Kai, doki yaya yake tafiya?"

"Doki? Ai... da gudu, ranka ya daɗe."

"Je ka jira ni a mota."

Wani daga cikin makaɗa ya kasa riƙewa, dariya ta ƙwace masa ta hanci. Sakatare ya tsinci wayarsa ya sauka, bai sake kirana ƙanwarsa ba.

Baba ya kakkaɓe hannayensa ya gyara hula. Ya dawo Hedimasta sak.

"Kada ki ɗauka kin ci," ya ce mini. "Ban ce na yarda ba."

"Ni ma ban ce na fasa ba, Baba."

Muka tsaya muna kallon juna, haɓa ɗaya, taurin kai ɗaya. Gefen bakinsa ya ɗan motsa, ya yi maza ya danne. Ya juya ya sauka matakala, ya bi ta tsakiyar kujeru. Na bi shi da ido, don har yanzu ban san ko ina da gidan komawa ba.

Sai da ya kai ƙofa ya tsaya, bai waiwayo ba.

"Uwata."

"Na'am, Baba."

"In kun tashi ki wuce gida kai tsaye. Uwarki tun safe ba ta sa komai a bakinta ba."

Ƙofa ta rufe. Na zauna daɓas a kan wani baƙin gida ina kuka ina dariya. Koci ya ciro wayarsa zai kira Babansa.

Darakta ta busa usur, tana share ido da bayan hannu kamar ƙura ce ta shiga.

"To, an gama kallon kyauta! Daga farkon fitowa! Wani ya mayar mini da dokin nan wurinsa."

Mai kula da kaya ya taho zai ɗauka. Na miƙe tsaye na tare shi.

"Kada wanda ya taɓa shi," na ce. "Shekara biyu ya yi kafin ya iso nan."